Wayar sifika: abin da ya cancanci kuɗinka da abin da zance ne kawai

Saƙonni huɗu na ware a wannan makon, dukkansu a kan wayar da ke ɗaukar sauti daga amfilifaya zuwa sifika. Zan fara da na wani matashin tela a unguwar Yelwa, nan Garwa, domin nasa ne ya tattaro yawancin maganganun da ake yaɗawa.

Tambaya: "Malam, ina da amfilifaya da sifika biyu masu om 8 a shagona, tsakaninsu bai wuce mita 3 ba. Na ga bidiyo a YouTube inda Turawa ke kitsa wayar intanet da hannu su mai da ita wayar sifika, suna cewa ta fi ta kamfani. Wasu sun ce sai an sa azurfa, wasu sun ce waya tana da gaba da baya, wai kuma sabuwa ba ta daɗi sai ta yi awa 100 tana aiki ta nuna. Wani ya ce zai haɗa mini irinta a jaka 40. In biya?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Je wurin masu kayan wuta ka yanko mita 6 na waya mai baki biyu, mai laushi, wadda aka rubuta 1.5 a jikinta. Ka tabbatar jan ƙarfe ce ta gaske, ka raba ta biyu, ka ɗaura. Duk abin da wayar jaka 40 za ta yi maka, wannan ma za ta yi.

Aikin wayar sifika guda ɗaya ne: ta kai wutar da amfilifaya ta fitar har cikin sifika ba tare da ta cinye wani abin kirki a hanya ba. Kowace waya tana ɗan turje wa wuta, kuma wannan turjiyar ce ake aunawa da om, ma'aunin nan da ka gani a bayan sifikarka. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambun bakin Binuwai ya san siririn tiyo mai tsawo ba ya kai ruwa kamar kakkaura gajere. Haka waya take, tsawo yana ƙara mata turjiya, kauri yana ragewa. Lambar nan 1.5 ko 2.5 awon kaurin jan ƙarfen ne, wato faɗin bakinsa in an yanke, a milimita murabba'i. Jan ƙarfe mai kaurin 1 da tsawon mita 1, turjiyarsa om 0.017 ce. Da yake wuta zuwa take yi ta dawo, mita 3 ɗin nan naka mita 6 ne a lissafi. Da waya mai 1.5 jimillar ta kama om 0.07, ita kuwa sifikarka om 8. Abin da wayar ta taɓa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma babu kunnen da zai tsinci wannan.

Masu aikin sauti sun daɗe da wata ƙa'ida: kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na om ɗin sifika. A kanta Roger Russell, injiniyan da ya yi shekaru yana ƙera sifika a kamfanin McIntosh na Amurka, ya gina jadawalinsa da mutane da yawa ke dubawa har yau. In aka bi ta, ga sifika mai om 8, waya mai 1.5 tana kaiwa mita 17, mai 2.5 tana kaiwa mita 29, mai 4 kuma mita 46. In sifikar mai om 4 ce, a raba kowane tsawo biyu. Wannan ɗan lissafin ya ishi yawancin mutane.

Azurfa kuwa, gaskiya ne ta fi jan ƙarfe kai wuta, amma da kusan kashi 6 cikin 100 kacal. A wayarka, ribar da za ka ci om 0.004 ce. In ka bar mai 1.5 ka sayi mai 2.5 ta jan ƙarfe, ka rage turjiya da kashi 40 cikin 100 a kuɗi kaɗan. Haka zancen wayar da ake buga wa OFC, wai an cire mata iskar oksijin. Jan ƙarfen wayar wuta ta yau da kullum tsarkinsa ya kai kashi 99.9, na OFC ya ɗara da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma wajen kai wuta kusan kunnen doki suke. Ka kuma tuna abin da ke cikin akwatin. A bayan takardar sifika akwai naɗin siririyar waya, mitoci da dama na jan ƙarfe gama-gari, mai turjiyar om 5 zuwa 7, kuma duk sautin da kake ji sai ya ratsa ta. Mita 3 na azurfa a waje ba za su sauya wannan ba.

Batun gaba da baya ba shi da tushe. Wutar sauti ba hanya ɗaya take bi ba, kai da komo take yi, daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Shi ya sa takardar sifika take turowa gaba ta koma baya. Wutar da ke tafiya ta dawo a cikin waya ɗaya, ina ruwanta da inda kibiyar da aka zana a jikin roba ta nuna? Sai dai kada ka haɗa wannan da batun ja da baƙi, shi kam gaskiya ne. Bakin ja na amfilifaya ya tafi ja na sifika, baƙi ya tafi baƙi, a duka sifikun biyu. In ka juya ɗaya, ita tana turowa ɗayar tana ja, sai kaurin sauti ya mutu, kiɗan ya zama fayau. In alamar ta goge, ɗauki ƙaramin batir mai bolt 1.5 ka ɗan taɓa bakunan wayar sifikar bayan ka cire ta daga amfilifaya. Idan takardar ta turo waje, bakin da ke kan tsinin batir shi ne ja.

Waya kuma ba ta nuna. Jan ƙarfen da ka saya yau shi ne dai bayan awa 100, in ma ya sauya to dattin iska ne ya hau bakinsa, wanda ba ci gaba ba ne. Abin da ke faruwa a wannan lokacin, kunnen mai ita ne yake sabawa da sautin kayansa.

Kitson wayar intanet shi ne inda nake so ka natsu, domin nan ne kaɗai za ka iya yin asara fiye da kuɗin waya. Hujjar masu yi ita ce siririn sauti yana gudu ta fatar waya ne ba ta tsakiyarta ba, don haka gara silli da yawa kowanne da rigarsa. Abin yana da asali a ilimin lantarki, amma a tashoshin rediyo yake da nauyi, inda wuta ke kai da komo sau miliyoyi. A 20,000, ƙarshen jin ɗan Adam, wuta tana nutsawa kusan rabin milimita cikin jan ƙarfe, waya mai 1.5 kuwa daga fatarta zuwa cibiya bai fi milimita 0.7 ba. Asarar ba ta kai a ji ba, balle yawancin manya ba sa jin abin da ya haura 15,000 ko 16,000. Sa'an nan wayar intanet silli 8 ne a cikinta, kowanne kaurinsa wajen 0.2. Ka ba ja huɗu, baƙi huɗu, ka sami 0.8, wato daidai da wayar fitila siririya. Don su ƙara kauri sai su kitsa wayoyi da yawa wuri ɗaya, ja da baƙi a cakuɗe manne da juna. Wannan yana sa wayar ta riƙa riƙe caji irin na kondansa, wato ɗan abin nan da ke ajiye wuta a cikin kayan lantarki, kuma akwai amfilifayar da ba ta jure haka. Sai ta shiga wani kuka da kunne ba ya ji, ta yi zafi ba gaira ba dalili, wani lokaci ta ƙona ƙaramar sifikar siririn sauti, ko ita kanta ta ƙone. Ga shi kuma silli 16 ko 24 da za ka fere, in ɗaya ya ɓace maka ya taɓa ɗan'uwansa, shi ke nan. Ba na hana kowa haɗa wayarsa da hannunsa, ni ma haka nake yi, kuma ya fi araha. Haɗin kirki shi ne a yanko daidai tsawo, a fere da kyau, a murɗa sillayen, a ɗaure tam.

Tambaya ta biyu daga wani mai gidan kallon ƙwallo ce a Kusiri: "Na san za ka ce duk ɗaya ne. To ni na sayo waya mai tsada a Injamena, na sa, kuma na ji bambanci da kunnena. Yarana ma sun ji. Ƙarya muke yi?"

Malam, ba ƙarya kuke yi ba, kuma ban ce duk waya ɗaya ce ba. Yana yiwuwa ƙwarai sautin ya sauya. In tsohuwar siririya ce kuma doguwa, ko ta jabu ce, ko bakinta ya yi kore, ko a da an juya ja da baƙi a sifika ɗaya sai yanzu aka daidaita, dole a ji bambanci. Amma duk waɗannan, sabuwar waya mai kauri ta kuɗi kaɗan ma za ta gyara su. Abin tambaya shi ne ko tsadar ce ta kawo gyaran.

Akwai kuma abin da ya kamata mu yarda da shi game da kanmu. Kunne ba ya riƙe ainihin sauti sai na 'yan daƙiƙu, canza waya kuwa yana cin mintuna. Sautin da ya ɗan fi ƙarfi, ko da kaɗan ne, mutum yakan ji kamar ya fi daɗi. Wanda kuma ya fitar da kuɗinsa, ya ga waya mai kyan gani, zuciyarsa ta riga ta karkata, yaransa ma sun ga fuskar maigida kafin su saurara. Wannan halin kowa ne, har injiniyoyi, shi ya sa suke gwaji ba tare da mai sauraro ya san wadda aka jona ba. A 1983 mujallar Stereo Review ta Amurka ta yi irin wannan gwajin da wayoyi masu tsawon ƙafa 30, wajen mita 9. Siririyar cikinsu an gane ta, domin ta rage ƙarfin sauti. Tsakanin waya mai tsada ta Monster Cable da wayar fitila mai matsakaicin kauri kuwa, sai da aka sa wani shuu na gwaji aka ji ɗan bambanci, da aka koma waƙa ba a iya rarrabewa yadda za a dogara ba, alhali mai tsadar ta fi kauri. A 2007 James Randi, mutumin da ya yi suna wajen bankaɗo da'awar da ba ta da hujja, ya sa dala miliyan 1 ga wanda zai iya bambanta wata waya ta kamfanin Pear Cable mai dala 7,250, sama da sefa miliyan 3 a canjin lokacin, da wayar Monster Cable ta kunne kaɗai. An yi ta musayar magana, gwajin bai yiwu ba, kuɗin suka zauna.

Kai ma za ka iya naka a gidan kallonka da safe kafin mutane su zo. Samo waya ta jan ƙarfe mai kauri da tsawo daidai da mai tsadar. Ka juya baya, yaronka ya jefa kwabo, abin da ya faɗo shi zai nuna wadda zai jona, ya rubuta a takarda bai gaya maka ba. Kada kowa ya taɓa maɓallin ƙara sauti, kuma a kashe amfilifaya kafin kowane canji. A yi sau 10 da waƙa ɗaya. In ka ci 9 ko 10, akwai bambanci na gaske, ka rubuto mini mu nemi dalilinsa. In 5 ko 6 ka ci, canki-canka ce.

Ta uku daga wani dattijo ne cikin kwamitin wani masallaci a Marwa: "Lasifika huɗu muka ɗora a hasumiya, daga ɗakin amfilifaya mita 60 ne. Kiran salla ba ya kai inda yake kaiwa da. An ce mu tara kuɗi mu sayo waya ta musamman daga waje."

Alhaji, Allah ya saka da alheri. A nan kam waya tana da laifi, amma maganin ba a waje yake ba, kuma ba na so a taɓa kuɗin jama'a a banza. Mu ɗauka siririyar nan mai 0.75 aka ja, wadda aka fi samu a masallatanmu. Mita 60 zuwa da dawowa mita 120 ne, turjiyarta ta kusa om 3. Lasifika huɗu masu om 16 in aka haɗa su baki ɗaya sun koma om 4. Kenan kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin da amfilifaya ke fitarwa a cikin waya yake ƙarewa, ya zama zafi. In wayar ta jabu ce, fiye da rabi.

Ku duba bayan amfilifayar. Yawancin na masallaci, irin su TOA da Ahuja, ban da bakunan om 4, 8 da 16, akwai wanda aka rubuta 100V ko 70V. An yi shi ne musamman don doguwar tafiya. Amfilifaya tana ɗaga ƙarfin turin wutar, sai abin da ke gudana a waya ya zama kaɗan, a gindin kowace lasifika kuma akwai ƙaramar taransifoma da ke sauke shi. Lasifika mai wat 30 a wannan layin, waya tana ganinta kamar om 333, guda huɗu kamar om 83. Da waya mai 1.5, asarar mita 60 ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Abin da za ku saya kenan ƙananan taransifoma huɗu, in lasifikun ba su zo da nasu a ciki ba, da waya ta jan ƙarfe.

Sharuɗɗa uku ne ba a wasa da su. Kada a jona lasifika kai tsaye a bakin 100V ba taransifoma, za a ƙona ta ko a ƙona amfilifayar. Jimillar wat ɗin lasifikun kada ta kai ƙarfin amfilifaya, a bar rarar kamar kashi ɗaya cikin biyar. Kuma wannan layin yana jan mutum, don haka a rufe kowane haɗi da kyau, kada yara su kai hannu. Tun da kun ce a da yana kaiwa, a sa mai gyara ya hau ya duba haɗin da ke sama tukuna. Ranar Maris da Afrilu tana busar da roba ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya bi, sai bakin waya ya ci. A zura sabuwar cikin bututun roba, kuma in hadari mai tsawa ya taso a riƙa zare ta daga amfilifaya.

Ta ƙarshe daga wata Hajiya ce a Ngaundere mai ba da hayar kayan sauti a bukukuwa: "Amfilifaya biyu suka ƙone mini a shekara guda. Yaran sun ce wayar ce, in saya musu mai bakin zinare. Ya zan gane waya mai kyau?"

Hajiya, bakin zinare ba zai hana ƙuna ba. Zinare bai ma kai jan ƙarfe kai wuta ba, ana shafa shi ne don ba ya tsatsa, amfaninsa kenan. Kafin ki zargi waya, tambayi yaran akwati nawa suke ɗora wa baki ɗaya. Biyu masu om 8 sun koma 4, huɗu sun koma 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa ɗaukar ƙasa da 4. An rubuta iyakar a bayanta. Abu na biyu, haɗin gaggawa da ake murɗawa a naɗe da salatif, a ja shi a ƙasa mutane suna takawa. Silli ɗaya ya tsallaka daga ja zuwa baƙi ana tsakiyar kiɗa, ya isa. Ki sa a yi miki wayoyi marasa gutsure, da kawunan nan masu murɗawa su kulle da ake kira Speakon. Kada kuma su ɗauki wayar makirfo su jona sifika da ita, cibiyarta siririya ce, ba a yi ta don ɗaukar ƙarfi ba. Wat 500 a kan om 4 yana jan amfiya 11, wato awon yawan wutar da ke gudana a waya, saboda haka ke mai 2.5 ce mafi ƙanƙantar da za ki saya, in tafiyar ta wuce mita 15 ki koma mai 4.

Abin da ya fi damuna a kasuwanninmu, daga Garwa har Injamena, ba rashin waya mai tsada ba ne, yawan ta jabu ne. Akwai alminiyam da aka yi wa rigar jan ƙarfe. Masu gaskiya sukan buga CCA a jikinta, wasu ba sa bugawa. Alminiyam kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke kaiwa yake kaiwa, ga saurin karyewa in ana naɗewa ana warwarewa kullum kamar naki. Akwai kuma mai roba kakkaura, a rubuta 2.5, a ciki ba ta kai ba. Araha ba ta ado a nan, domin za ki biya a wurin mai gyara.

Ki roƙi mai shago ya yanko miki ɗan guntu. A kankare silli ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ne. A kara masa wutar laita: jan ƙarfe zai yi ja ko ya yi baƙi amma yana nan tsaye, alminiyam zai lanƙwashe ya zube, domin yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe kuwa sai 1,085. A kai maganaɗisun tsohuwar sifika kusa: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ja. In naɗi guda za ki saya, sa shi a sikeli. Mita 100 na waya mai baki biyu mai 2.5, jan ƙarfen da ke ciki kaɗai kilo 4.5 ne, ban da roba, mai 1.5 kuma kilo 2.7. Naɗin da gaba ɗayansa bai kai wannan ba, ki bar musu kayansu. In kina da mai gyara da abin awonsa, ya haɗe bakuna biyu na ƙarshen naɗin ya auna ta ɗaya ƙarshen: mai 2.5 ya kamata ta ba da wajen om 1.4, mai 1.5 wajen 2.3, bayan ya cire abin da igiyoyin abin awon suka ƙara.

Roƙo ɗaya gare ki da duk mai haɗa wayarsa. Tun da wayar wuta muke mayarwa ta sifika, na sha ganin an sa mata fulogi irin na bango don saurin jonawa. Kada ki yarda da wannan ko kaɗan. A hayaniyar biki wani yaro zai tsince shi ya soka a soket na bolt 220, sifikar ta tashi nan take, wanda ke riƙe da ɗaya bakin kuma ransa na cikin haɗari. Ki sa a yanke irin waɗannan kawunan yau, a canza su, kuma a ɗaura wa wayoyin sifika jan ƙyalle ko salatif mai launi don kowa ya bambanta su da na wuta.